Ƙashin Katako na Usɗa Shahata

Shekara arba'in Usɗa Shahata ya yi yana sassaƙa ƙafafun kujeru a layinmu na kafintoci a garin Dumyaɗ, kuma bai taɓa yin miƙaƙƙiya ba. Amare lanƙwasassu suke so, masu kama da wuyan agwagwa. Saboda haka da karen shagonsa, Bunduƙ, ya taso da ƙafar baya a karkace, sai muka ce ai sana'ar gida ya gada. Usɗa bai yi dariya ba. Mutum ne da ko shayi sai ya auna sukari.

Kafin Bunduƙ ya shekara, dakalin shago ma ya gagare shi hawa. Dakta Nirmin, likitar dabbobi, ta duba hoton ƙashin ta ce sai an yanka shi da zarto, a cire ɗan yanki mai tsini, a miƙe shi, a ɗaure da ƙarfe. Ta kuma faɗa wa Usɗa gaskiya: in awo ya kuskure, ɗingishin ya zauna ke nan.

Ni na raka shi, don kyauta nake ba da shawara. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye ta a kan me za ta fara gwadawa. Ta ce da alƙalami, a takarda.

"'Yata, a shagona ba a sa wa katakon kirki zarto sai an gwada a reshe."

Ya ari hoton. Kwana uku wata amarya tana jiran kujerunta, shi yana sassaƙa ƙashin kare da guntun katako, karkacewa da komai. Guda biyu ya kai wa likita. Ta yanka na farko, da aka haɗa sai ga 'yar tazara. Ta sake awo, ta yanka na biyu, ya zauna daram. Usɗa ya shafa mahaɗin da babban yatsa, ya ce in ta gaji da karnuka akwai gurbi a shago.

Bayan aikin, wata biyu Bunduƙ yana kwance a akwatin da Usɗa ya haɗa masa, har da katifa, gatan da ni maƙwabcinsa ban taɓa gani ba. Yanzu da gudu yake haye dakalin.

Na ce, "Usɗa, ka zubar mana da mutuncin layi. Miƙaƙƙiyar ƙafa daga shagonka?"

Ya ce guda ɗaya ce, kuma ba ta sayarwa ba ce.