Takalmin Roba a Ɗakin Kakannin Oikawa

Mijin yayata, Shinpei, kunnensa ɗaya da rabi ne. Ranar da ya fara zuwa gidanmu na tambaye shi ina ya baro ragowar. Mama ta mintsine ni a cinya, shi kuwa ya ce, "Yana cikin teku, je ka ɗauko." Tun ranar muka shirya. Shi ya samo mini aikin gyaran kifi a kasuwar bakin ruwa, bayan makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita.

Ba a gidan Oikawa aka haife shi ba. Daga gidan marayu tsoho Oikawa ya ɗauko shi yana ɗan firamare, aka shigar da shi rajistar iyali a ofishin gari, ya zama ɗa a wajen hukuma. A garuruwan masunta na nan arewacin Japan ba a ɓoye dalili: mai jirgi ba shi da ɗa namiji, yana son ƙarin hannu, yana kuma son mai kunna wa kakanni turare bayan ransa. Hannun kam ya more shi. In igiya ta kuɓuce, da ita ake zane Shinpei, a jiƙe. Ya taɓa yin amai a kan kamun safe, tsohon ya danna kansa cikin ruwan ƙanƙara har ya daina motsi. Kunnen kuwa ƙugiyar jan kifi ce aka wurgo masa saboda ya yi gyangyaɗi. Matar gidan, Tome, ta ɗinke wurin da kanta, ta ce kada malaminsu ya ji.

Da ya yi ƙarfi ya gudo garinmu. Shekaru ba ziyara ba waya, amma sunan na manne da shi, har Yaya Chizuru ma da ta aure shi Oikawa ta koma. Sai ta samu ciki, asibiti suka ce namiji ne. Ba a jima ba direban motar kifi ya kawo saƙon tsohon: jikan Oikawa ne, jirgi na jiransa.

Shinpei ya daina cin abinci. So yake a cire shi daga rajistar kafin haihuwa, kada yaron ya zo duniya da sunan nan. Hanya biyu ce: ko iyayen riƙon su buga hatiminsu a takardar rabuwa, ko a tafi kotu, wadda kafin ta gama yaron ya fara rarrafe. Ya je gidan Oikawa da tsaraba, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, aka watso masa tsarabar a tsakar gida.

Zuwa na gaba da ni aka yi, ni ne shaida. Da tsakar rana muka isa, kai tsaye daga kasuwa. Ina cire takalmina a bakin ƙofa sai na ga Shinpei ya haye tabarmar ɗaki da fararen takalman robarsa, duk jini da ɓawon kifi.

"Yaya, takalmi," na ce.

"Na gani."

Ni da aka kora daga aji ba adadi, ban taɓa ko tunanin wannan rashin kunyar ba. Ya taka har gaban kabad ɗin kakanni, inda allunan sunayensu suke da turare da ɗan kwanon shinkafa, ya tsaya yana ɗigar da ruwan kifi.

Tsohon na zaune yana shan shayi. Ya dubi sawun da ke kan tabarma. "Kai, ɗan tsintuwa, a gidan uban wa?"

"Gidan ubana mana, Baba. Ba ni ne magaji ba? Kana mutuwa haka zan riƙa shigowa, ni da ɗana. Bokitin hanjin kifi ma a nan zan riƙa ajiye shi, wurin da sanyi."

Butar ƙarfen da ke kan wuta tsohon ya fizgo. Bugun farko a kafaɗa, tafasasshen ruwa ya bi wuyan Shinpei. Na biyu a baki, na ji ƙarar haƙora. Shinpei ya haɗa hannayensa a baya, bai kare ba, bai matsa ba. Ya tofar da jini a tabarma ya ce, "Kakanni na kallo, Baba, ƙara."

Ya ƙara kuwa. Da na ga gira ta fashe na shiga tsakani. "Baba, a hankali, butar nan ta fi shi daraja." Hancina ya karɓi amsar. Har yau a karkace yake, 'yan mata na cewa ya ƙara mini kyau, ƙarya suke yi.

Tsohon ya yi ta duka har numfashinsa ya ƙare, ya zube yana haki, yana kallon tabarmarsa. "Tome, kawo hatimi. Wannan kare ba zai kunna wa ubana turare ba."

Ya buga da ƙarfin da ya kusa huda takardar. Tome ta buga nata a hankali, ta tsaya riƙe da gefen takardar. "Da gaske namiji ne, Shinpei?"

Ya zare ta daga hannunta.

Ofishin gari muka fara zuwa kafin asibiti. Ma'aikaciyar ta miƙo mana tawul, ta duba hatimai, ta ce an karɓa. Shinpei ya fito da sunan uwar da bai taɓa gani ba, Sawaguchi, da giɓin haƙora a gaba.

Ranar haihuwa muna zaune a barandar asibiti, nas ta leƙo tana kiran Malam Sawaguchi. Ta kira, ta sake kira. Shi yana zaune yana waige-waige, yana taya ta neman mutumin, sai da na harbe shi a ƙafa.