Wa Zai Kai Shanun Jidda Ruwa?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jidda ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina buɗe shago a Bulabulin, ko zare ban saka wa keke ba. Baƙuwar lamba ta kira ni. Na ɗauka, sai na ji muryar da na fi tsana a duk duniyar gem. Kyari ne. Ya ce, "Ya Musa, Baba Jidda ya cika da asuba. Jana'iza bayan azahar a Gomari."

Na ce masa in wani sabon iskancin ne wannan, Allah ya isa tsakanina da shi. Bai rama ba. Sai na ji yana jan hanci.

Zama na yi a kan benci, har wanda ya kawo ɗinki ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Ga 'yan uwa da ke bi na a nan waɗanda ba su san harkar ba, bari in ɗan yi bayani. Akwai gem ɗin da muke yi a waya, mutane da yawa a lokaci ɗaya. Gari ne guda, da kasuwa da tasha da daji da kogi. Mu kashi biyu ne a ciki. Akwai mu 'yan ar-pi: kowa ya zaɓi wani mutum ya zama shi, ya yi magana irin tasa, ya yi sana'arsa, kuma muddin yana ciki ba ya fita daga wannan halin. Ni a waje tela ne, a ciki mai shayi ne a bakin tasha. Ku yi dariyarku, matata ma ta yi har ta gaji.

Sai kuma 'yan harbi. Su ba ruwansu da labarin kowa. Su shigo da mota su take maka teburin shayi, su harbe ka, su wuce suna ihu a mayik. In ka yi magana su ce da datarsu suka shigo, mai son zaman lafiya ya je gindin darbejiya ya yi dara.

Kyari shi ne ogansu. Ɗalibi ne daga Bolori, bakinsa ba linzami.

Jidda kuwa makiyayi ne a ciki. Tsoho mai sanda, mai tafiya a hankali, shi ya sa muke ce masa Baba Jidda, alhali a waje bai fi ni shekaru ba. Raguna suke sayarwa shi da mahaifinsa a kasuwar dabbobi. Duk gem ɗin nan mai cike da motoci da bindigogi, bawan Allahn nan shanu ya zaɓa. Da safe ya kora su kogi, da yamma ya dawo da su, shi ke nan wasansa.

Ranar da na fara kafa teburina ba wanda ya kula ni. Ina tsaye kamar gunki, ina tunanin in goge abin daga wayata. Sai ga tsoho da shanu ya tsaya, ya yi sallama, ya zauna. Ya ce, "Mai shayi, zuba min mai kauri, na kwaso rana." Ya zauna yana ba ni labarin tsadar dusa da ciwon kofato kamar gaske. Wallahi ban san lokacin da na fara amsa masa da muryar mai shayi ba.

Shi ne kwastomana na farko. Shi ya koya min wasan ba tare da ya ce yana koya min ba.

Daga baya muka san juna a waje, don yana neman tela. Lokacin da wuta ta daɗe ba ta zo unguwarmu ba, fawa bank ɗinsa ya aiko min ta hannun mai keke, wai kada garin ya kwana ba shayi. Da aka yi mana haihuwa, shi ya zaɓo min ragon suna da kansa, ya riƙe haƙoransa yana nuna min abin da ban gane ba.

'Yan harbi sun sha ƙarar masa da garke. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya ɗauki watanni yana tarawa, su zo da yamma ɗaya su zubar da su, Kyari yana dariya yana cewa, "Baba, yau akwai suya." Mu mu yi ta zage-zage a guruf. Shi kuwa abin da yake ce wa Kyari kullum ɗaya ne, da muryar tsoho: "Yaro, ka ci abinci kuwa yau?"

Wannan tambayar ta fi zagi ƙona wa Kyari rai.

Akwai lokacin da muka haɗa kai muka sa admin ya kori Kyari daga gem ɗin gaba ɗaya. Har shayi kyauta na raba ranar. Kwana biyu sai ga Kyari ya dawo. Ashe Jidda ne ya je ya roƙa masa. Na kira shi ina faɗa, na ce kai wane irin mutum ne. Ya ce, "Musa, in ba su, daga wa zan tsare shanun? Makiyayin da ba ya tsoron komai ai yawo kawai yake yi." A nan ne suka karɓi lambar juna, shi da Kyari.

Haɗuwarmu ta ƙarshe kafin babbar sallah ce, na kai masa ɗinkinsa gida. Ya saka rigar, ta yi masa yawa a kafaɗa. Na ce ko dai na yi kuskuren awo ne. Ya ce a'a, zazzaɓi ne ya ɗan taɓa shi, in bar ta haka zai cika ta bayan sallah.

Muka zauna a tabarma kusa da turken raguna, jirgi yana wucewa ta samanmu muna dakatawa da magana. Mahaifinsa ya fito ya zauna, Jidda ya buɗe wayar ya miƙa masa. Sai na ga tsohon ya matso da ita kusa da ido yana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya. Hamra, ja. Beda, fara. Zarga, baƙar da ke shiga gaba. Ashe sunayen shanun gidansu ne na da, waɗanda aka kore da bindiga lokacin da aka tashi ƙauyensu. Tsohon ne ke faɗa masa kalar kowace, shi kuma ya nemo mai kama da ita a gem ya sa mata sunan.

Da tsohon ya shiga ciki, Jidda ya ce min, "Ka ga ni, ko an harbe su gobe zan fara tara wasu. Shi bai samu wannan damar ba."

Ban sake ganinsa ido da ido ba.

Mu 'yan ar-pi muna da ƙa'ida, kuma muna alfahari da ita. Abin waje na waje ne. Ba ka tsayar da mutum a cikin gem ka ce masa wane, lafiya kuwa? Duk abin da ya yi, ka ɗauka labarinsa ne, ka bi shi a haka. Jidda ya taɓa yin mako guda ba ya magana bayan an kashe masa garke, wai tsohon yana makoki, muka yaba masa muka ce wannan shi ne gwani.

To a 'yan makonnin nan ya sake yin shiru. Ya shigo, ya kai shanu ruwa, ya dawo da su, ya fita. In ya wuce ta tasha in ce, "Baba Jidda, barka da kiwo," ya ɗaga min hannu kawai. Muka ce a guruf tsoho ya shiga sabon babi, kowa ya ba shi wuri. Lambarsa tana wayata, amma mutumin da kake gani kullum yana ɗaga maka hannu, me zai sa ka kira shi?

Ashe daga gadon asibiti yake shigowa. Numfashin magana ne ba shi da shi.

Kyari ne ya gane. Shi da bai taɓa girmama labarin kowa ba. Ya je ya yi harbi a sama kusa da garken, ya jira a tambaye shi ko ya ci abinci, ba a tambaye shi ba. Ya sake washegari, shiru. Sai kawai ya kira lambar, matar Jidda ta ɗauka. Tun ranar yake zuwa asibitin bayan lakca. Jidda ne ya hana shi faɗa mana, wai kada ya ɓata mana wasa.

Wannan abin yana ci na, ba zan ɓoye muku ba.

Mun kai shi ɗazu. Bayan an dawo ana zaune ana karɓar gaisuwa, mahaifinsa ya yafito ni. Ya ja ni gefe, can wajen turken raguna inda ba mutane. Na ɗauka maganar iyali zai yi. Ya ce, "Ɗana, shanun nan nasa, wa ke duba su?"

A gem ɗin, dabbar da ta kwana biyu ba ta sha ruwa ba mutuwa take yi, kuma Jidda bai shigo ba tun shekaranjiya. Mu ba ma taɓa garken wani sai mai shi ya ce a taɓa. Suna can tsaye a bakin daji, duk wanda ya ga dama ya harbe. Wayar Jidda kuma a kulle take, ba wanda ya san lambar buɗe ta.

Tsohon ya ce, "Buɗe taka in gan su."

Na buɗe na shiga. Na bar teburin shayi na nufi dajin, ina addu'a a zuciyata kada tsohon nan ya ga gawar shanu a ranar da ya binne ɗansa. Tun daga nesa na hango motoci. Motocin yaran Kyari ne.

Sun kewaye garken, sun juya masa baya, bindigoginsu suna kallon waje.

Na waiga, sai na ga Kyari can ƙarshen tabarma da waya a cinya, kansa a sunkuye. Ya taso ya zo ya durƙusa. Ya ce tun safe ya sa yaransa gadi. Ya ce, "Ya Musa, mun yi ta gwadawa mu kai su kogi, watsewa suke yi. Mu ba mu iya ba."

Ina za su iya? Shanun gem ɗin sai ka bi bayansu a hankali suke tafiya. Ka yi gudu su watse. Yaran nan kuwa tun da suka fara wasan ban taɓa ganin ɗayansu yana tafiya ba, daga gudu sai tsalle.

Tsohon ya karɓi wayata ya matso da ita kusa da ido. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ina Zarga?"

Kyari ya ce, "Baba, mun makara. Wasu baƙi sun harbe ta kafin mu iso."

Tsohon ya share fuska da gefen rawaninsa. Can ya ce, "To ku sa Hamra a gaba. Ku sauka daga motocin nan. Biyu a hagu, biyu a dama, saura a baya. Kada wanda ya yi ihu, saniya ba ta son ihu."

Kyari ya kunna mayik ya maimaita musu, kalma da kalma.

Jama'a, na ga 'yan harbi sun sauka daga mota. Na ga sun rataya bindiga a baya suna takawa kamar masu rakiyar gawa. Wani ya manta ya ɗan ruga, Beda ta ɓalle, tsohon ya ce, "Kai, a hankali, ba korar ɓarawo kake ba. Zagaya ta gabanta." Ya zagaya, ta dawo. Ba a taɓa jin gem ɗin nan shiru irin na yau ba, sai kukan shanu da takun ƙafa.

Suka isa kogi. Shanun suka sunkuyar da kai.

Tsohon ya tsaya yana kallo har ta ƙarshe ta sha. Ya miƙo min wayata. Ya dubi Kyari ya ce, "Gobe ku kai su da wuri, kafin rana ta yi zafi." Ya koma tabarma ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

Yanzu na dawo shago, ban iya taɓa ɗinki ba. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. Ina son in ji sandar nan tana ƙwanƙwasa ƙasa ta nufo tasha. Ina son in sake yi masa faɗa a kan Kyari ya yi min dariyar nan tasa mai sanyi.

Roƙona ga duk wanda ke shiga gem ɗin, ko ɗan ar-pi ne ko ɗan harbi, ko ka san Jidda ko ba ka san shi ba: in ka ga garke a hanyar kogi da jar saniya a gaba, don Allah ka sauke bindigarka ka rage gudu. Akwai dattijo a Gomari da zai tambaye mu su gobe.

Allah ya jiƙan Jidda, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah ya ba mahaifinsa da matarsa haƙuri, ya raya 'yar da ya bari.

Wanda ya karanta har nan, kada ka tsaya a danna alamar kuka ka wuce. Ka ajiye wayar, ka ɗaga hannu ka roƙa masa gafara da sunansa. Jidda.