Motar da Aka Rage wa Tsayi

A gidanmu na Jahun, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Tana gasa mana gyaɗa a toka, ta miƙe ƙafarta ta hagu wadda shan inna ya taɓa tun tana yarinya. Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai wata guda da babu Gizo a ciki, ita muka fi damun ta da roƙo.

"Ga wata nan ta taho muku," in ji Iya.

"Ta iso, muna ji!"

"Wani mutum ne ke da tsohuwar bas mai tsayi, yana kai gero kasuwa. Matarsa kuwa 'yar gajera, ba ta iya hawa sai an ciccibe ta kamar buhu, jama'a na kallo. Kunya ta sa ta daina shiga. Ga tsohuwarta kwance ba lafiya a Kafin Hausa, wata uku ba ta je ta gan ta ba."

Mutumin ya je wurin bakanike, aka ce sai ya sayi sababbin sifirin gajeru, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya dawo gida ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da turame, ya kwance sifirin huɗun ya zare falle ɗaya daga kowanne. Mota ta sauko da yatsu huɗu. Ranar kasuwa ya lafta mata gero yadda ya saba, ya manta ya rage mata ƙarfi. Suna shiga yashi cikinta ya zauna daɓas, sai da shanun huɗa suka jawo ta.

A nan muke faɗuwa da dariya, muna cewa wawa ne.

"Ku bar zagin bawan Allah," in ji Iya. "Matar fa ta hau da ƙafarta, ta kuma iske tsohuwarta da rai. Bai mayar da ƙarafan ba, ya gwammace ya riƙa sawu biyu. Nan na sauke tatsuniyar."

Mu ina ruwanmu da matar? So muke ta sake kwaikwayon kukan motar a yashi.

Ina aiki a Dutse Allah ya yi wa Iya rasuwa. Da ake kwashe ɗakinta, Gwaggo ta ciro wasu ƙarafa huɗu daga ƙarƙashin gado, a shafe da mai, naɗe cikin zane. Ba wanda ya san na mene ne. Na karɓa don kawai kayanta ne.

Bara na jawo tsohuwar bas ɗin Malam, kakanmu da ban taso na tarar ba, daga bayan rumbu inda kaji suka mayar da ita gida. Na kai ta gareji a Takur. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗa kai.

"Alhaji, wani ya zare falle ɗaya daga kowane sifirin. Shi ya sa ta durƙusa haka. In nemo maka wasu?"

Na daɗe tsaye ina kallon matakin ƙofar, ina auna shi da ƙafar Iya. Kunya ta kama ni, kewarta kuma ta taso min.

"Bar ta yadda take," na ce masa.

Shekara da shekaru muna kiran kakanmu wawa a gaban matarsa, ita kuwa tana gasa mana gyaɗa.