Maliki, Manhajarka Ta Ƙi Motsawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, Allah Ya karɓi ran abokina Injiniya Maliki Mamman na Badarawa, aka yi jana'izarsa bayan azahar. Ban samu zuwa ba, don ƙafafuna sun daɗe da daina kai ni ko'ina.

Maliki, tun muna samari muke buga ces, darar Turawa, a shagonka na gyaran kwamfuta da ke Doka. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ni a Mando, na hana ka zuwa da allon, don ba na son wasan tausayi. Ba ka yi musu ba. Sai ka sa mini wata manhaja a waya, ka ce kai ka rubuta ta, in taya ka gwaji.

Da farko sakarya ce, tana ba da sarauniya kyauta. Ka ce za ka koya mata darajar kowane ɗa, da hangen abin da zan yi kafin in yi, da kada ta tsai da lissafi ana tsakiyar cinye-cinye. Ta fara ba ni wuya, daga baya ta riƙa lallasa ni.

Amma ni ban yarda da kai ba. Wace irin manhaja ce take tsayawa tunani daidai lokacin la'asar? Ranar Juma'a kuwa ba ta motsi sai an sauko daga masallaci. Ga son wasa da doki irin naka. Na tambaye ka ko kai ne kake bugawa a ɓoye, ka yi dariya ka ce, "Kabiru, matsalar sabis ce." Ni dai ban gamsu ba.

Ranar Litinin da hantsi na tura sojana gaba, ta rubuta cewa tana tunani. 'Yarka Ummulkhairi ta ce a lokacin ne aka wuce da kai asibiti. Ta yi tayin duba mini kwamfutarka, na ce ta bari. Har yau rubutun bai sauya ba, ni ma ban rufe wasan ba. Ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka. In ma wayo ka yi mini, Allah Ya sa shi cikin mizaninka na alheri. Hajiya Saratu da yara, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ni ni ma.

Kabiru Idris, Mando