Kayan yara a kabad

Shekarar da aka kawo sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya ƙaramar likita, wato asibitin ƙauyen da ɗiyata ke aure, nan kusa da Matameye, har guɗa na rangaɗa. Da idona na ga an jera kaya bisa tebur: tulun iskar numfashi, bargon ɗumama jariri, da ƴan murafen hanci da baki daidai fuskar yaro. Manya suka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka ci shinkafa.

Baƙi na juya baya, mai kula da kayan likitar ya kwashe na yaran kaf, ko ledarsu ba a ɓare ba, ya jera su a kabad mai gilashi kamar kwanonin amarya, ya kulle. Wai kada su yi dauɗa kafin masu bincike su zo. Mu dai haka muke, sabon abu na kallo ne. Aka bar mota da tulu da murfin manya guda ɗaya.

Wata Talata da hantsi numfashi ya sarƙe wa jikata, ƴar wata bakwai. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya duba ta ya ce sai Damagaram, yanzu-yanzu. Aka nemi makulli, aka ce mai shi ya tafi suna Kurni, wayarsa a kashe.

Na ce, "To ku ɓalle kabad ɗin mana!"

Majo ya ce, "Haba Hajiya, kayan gwamnati? Wa zai amsa tambaya?"

Ƙatti huɗu a tsaye suna kallon gilashi, an rasa mai zuciya ko ɗaya. Ni ma har yau haushin kaina nake ji da ban ɗauki dutse ba.

Muka kama hanya da murfin manya. Ya rufe mata fuska har idanu, iskar tana zurarewa ta gefe. Na danne shi da tafin hannuna, uwarta na riƙe da ƙafafunta. Mun wuce Kance kaɗan ƙirjin ya daina ɗagawa. Direba ya kashe jiniya, ya juya da mu gida.

Washegari mai makullin ya shigo gaisuwa cikin babbar riga.

"Hajiya, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Haka ne, Malam. Kayanka dai suna nan lafiya ko?"

Ya ce wallahi suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba.