Randar da Baba ke gwada tocila

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba mai tocila, wanda teburinsa ke kan hanyar gangarawa bakin ruwa a kasuwar Yelwa. Duk shekara in watan ya kama, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, domin raina a ɓace yake.

Baba yana da wata randa a ƙarƙashin tebur, ba ta ruwa ba. Duk sabon samfurin tocilar da ya saro, sai ya kunna ɗaya ya sa a ciki, ya rufe da faifai, ya tafi sallar azahar, ya ci abinci, ya taɓa hira. In ya dawo ya ɗaga gefen faifan ya leƙa. Wadda ya tarar tana haska cikin randar tar, ita ke hawa tebur. Sauran ya mayar wa dillali. Ina ƙarama nakan roƙe shi ya bar ni in leƙa, gani nake kamar farin wata ya kamo ya ɓoye mana. Yakan ce, "Hafsatu, kowace tocila jaruma ce a minti na farko. Masunci kuwa ba minti guda yake yi bisa ruwa ba."

Ko me zai ce da ya ga yadda ake gwaji yau? Da rana tsaka mai tebur zai dalle maka ita a ido, ka runtse, ka ce lalle wannan da ƙarfi. A jikin kwalin an zana haske yana tsaga dutse, an jera lambobin da ba wanda ya san ma'anarsu. Ka kai ta gida, hasken fari ne mai sokar ido, amma ba ya wuce taku goma. Kafin ka gama alwala ya koma kamar garwashin da toka ta rufe.

Yayana Bashar ne ya gaji teburin, kuma allon da ke kai har yanzu sunan Baba ne a jiki. Watan jiya Baba Ɗanjuma, wani masunci daga wajen Ngaski, abokin mahaifinmu, ya sayi ƙaramar tocilar aljihu a wurinsa. A tafkin nan namu na Yelwa, in magariba ta rufa, tocila ce bakin ƙaramin kwalekwale, da ita yake gaya wa jirgin inji cewa akwai mutum a gaba. Ran nan duhu ya same shi bisa ruwa, tasa ta mutu tun bai raba hanya ba. Ya ji ƙarar inji na matsowa, ya girgiza ta, ya buga ta a tafin hannu, ya yi ihu. Jirgin ya daki bayan kwalekwalensa. Goran kamun kifinsa ne ya riƙe shi bisa ruwa har aka tsamo shi, hannu a karye, kwalekwale ya nitse.

Ya zo gaida Inna da hannun a ɗaure. Bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Ni ban duba kwali ba, ban iya karatu. Teburin Malam Garba na duba."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Na fito da randar daga bayan ɗaki, inda Inna ke tara gawayi a ciki, na wanke ta, na kai kasuwa na dire gaban Yaya.

"Ke Hafsatu, mi ke nan gaban mutane?"

"Gadonka ne, Yaya. Ka baro shi gida."

"Mai arha mutane ka so. In ban sayar ba, na kusa da ni shi sayar."

"To shi ya sayar. Kai kuma in za ka ci gaba, sauke sunan Baba daga allon ga ka sa naka."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya zaɓo iri shida da hannunsa, ya kunna, ya zuba a randa, ya rufe, ya tafi masallaci. Da ya dawo maƙwabtansa sun taru suna dariya. Ya ɗaga faifan. Guda ɗaya ce ke da rai.

Ba na jin haushin arha. Baba ma ya sayar da masu arha, amma yakan ce, "Wagga ta zagayawa bayan ɗaki ce, kada ka hau ruwa da ita." Ƙaryar nake jin haushi, da masu shigo da kayan da suka san ba za su yi rabin sa'a ba, suka bar talaka ya ɗora ransa a kai.

Baba bai bar mana gida mai bene ba. Ya bar sunan da mutum zai gani ya shiga ruwa da duhu bai yi shakka ba, kuma saura kaɗan mu nitsar da shi. Yau rabin teburin Yaya babu kaya, hannun Baba Ɗanjuma bai warke ba, amma randar ta koma mazauninta, faifanta a kai.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya kai haske kabarinka.