Ba a Wuce Alhaji

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kai wa mutane abinci a kan keke a unguwar Bronx, nan ƙasar waje. Ranar da na samu aikin tuƙa motar kaya na kyautar da keken, na ce ni da sirdi har abada. Gwiwoyina ba su yafe min ba har yau. Shi ya sa da samarin masallacinmu na Mount Hope suka ce za su yi tafiyar kwana uku a kan keke zuwa duwatsun arewa, ban ga abin sha'awa ba. Mutum ya ƙoshi ya rasa abin yi, sai ya je neman wahala da ƙafarsa. Amma suka ce mota suke so ta riƙa bin su a baya da ruwa da abinci da tayoyi, wanda ya gaji ya shiga. Na ce wannan zan iya, tunda zama ne. Na aro motar maigidana.

Su takwas ne. Na taransu Alhaji, ɗan kawuna, taubashina, ya ba ni shekara shida. Ya yi shekara ashirin yana tuƙa tasi kafin ya buɗe shago. Rabin samarin nan a falonsa suka fara kwana da suka sauka ƙasar nan. Bara aka yi masa aikin zuciya, likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Shi kuwa ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa jama'a cewa yana saurayi da buhun gero yake hawa keke daga ƙauyenmu har Maraɗi, tafiyar kwana uku kuma wasan yara ce. Gaskiya ne ya yi, amma lokacin yana da gashi.

Da safen da za mu tashi matarsa ta sauko ta miƙo min ledar magunguna ta taga. Ta ce, "Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo min da shi." Ba ta jira amsa ba.

Rana ta farko hanya shimfiɗe take a gefen kogi, ba a samu matsala ba. Rana ta biyu muka shiga duwatsu. Daji ne da gonaki, sai shanu baƙaƙe a bayan shinge, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko gida ɗaya ba. Waya ba sabis. Ga rana tana duka kamar a gida.

Daga inda nake zaune ina ganin komai. Alhaji ne a gaba, saboda tun a Bronx suka ce Baba shi zai ja. In aka zo hawa sai kekensa ya riƙa tangaɗi kamar ɗan maraƙi sabon haihuwa. Su kuma ƙarti takwas a bayansa, a jere, suna matse birki a kan tudu don kada wani ya wuce shi. In ya waiwayo ya gan su a ƙeyarsa, sai ya ƙara ƙarfi don kada ya tare wa yara hanya. Su suna jin kunyarsa, shi yana jin kunyarsu, kunyar nan kuwa ita za ta kashe shi.

Da muka tsaya sallar azahar a ƙarƙashin wata bishiya, shugaban tafiyar, Bakano ne mai aikin jinya a asibiti, ya biyo ni bayan mota kamar zai ɗauki buta.

Ya ce, "Kawu, ka ga leɓensa? Numfashin nan bai yi min ba. Kuma manyan tudun suna gaba."

Na ce, "To, kai ne malamin asibiti, gaya masa."

Ya ce, "Ni? Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi fa. Da wane baki?"

Taubashi dai ba ya jin nauyi, aikinsa ke nan. Na je na same shi zaune a kan tabarma, ya kasa ko buɗe robar ruwa. Na ce, "Tsoho, shiga mota. Ban taho da likkafani ba."

Ya ce, "Ji ɗan banza. Wanda ya gaji aka ce ya shiga. Kai da aka haifa a gajiye, ai ka riga kowa."

Samarin suka yi dariya, suka sunkuyar da kai. Nan na gane na ɓata abin. Na faɗa a gaban yara, yanzu ko zai faɗi ba zai shiga ba.

Aka tashi. Ba mu yi nisa ba na ga tudun farko, dogo, ba inuwa. Na danna oda, na gangara gefen titi na tsaya. Na fito ina jan ƙafa ina salati. Duk suka juyo.

Na ce, "Ƙafata ta dama ta mutu tun daga ƙugu. Ba na jin birki. Zaman nan ne, dole in motsa ta."

Wani ya ce shi zai tuƙa. Na ce maigidana ya yi min kashedi kada in ba yaro motarsa, kuma a cikinsu babu wanda ya san tuƙi a kan dutse. Sai na dubi Alhaji na ce, "Kai da ka tsufa a tasi, ko shi ma ka manta?"

Ya dubi ƙafata. Sannan ya ce, "Kun gani ko? An kawo shi ya taimake mu, mu za mu taimake shi." Ya miƙo min hular kwanon. Bakanon nan ya sa Alhaji ya zauna cikin sanyin mota ya sha maganinsa, ya riƙe masa hannu yana duban agogo wai hira suke. Sai da fuskarsa ta dawo aka tashi.

Ni kuwa na hau kekensa. Sirdin siriri kamar wuƙa. Tun ban kai rabin tudu ba gwiwoyina suka fara ƙara. Na waiwaya, sai ga su takwas a jere a bayana suna matse birki. Na ce, "Ku wuce, 'yan banza, ni ba Alhaji ba ne!" Suka zuba a guje kamar an kwance awaki. Aka bar ni ni kaɗai da motar tana bin ƙeyata a hankali, Alhaji ya sauke gilashi yana cin kilishina.

"Taka mana, mai kai abinci! Miyar mutane za ta huce!"

Na ci gaba da takawa ina haki.

Bayan la'asar muka isa filin da za mu kafa tanti. Na sauka na zube a ciyawa. Ya zo ya tsaya a kaina, ya jefo min man zafi. A hankali, yadda yaran ba za su ji ba, ya ce, "Ta dama ka ce ta mutu. Na ga da ta hagu kake ɗingishi."

Na ce, "Ciwon yawo yake."

Ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe. Gobe ma kada ka zauna, zama ba ya yi maka."

Makullin motar yana aljihunsa, bai ba ni ba, ban tambaya ba. Rana ta uku ma ni na hau. Na mayar wa matarsa da shi a tsaye, yana ba ta labarin yadda ya ceci tafiyar. Ni sai da na yi mako ina sallah a kan kujera.